Wuƙar da Malam Tijjani Ya Zaɓa

Malam Tijjani ya fi shekara talatin yana yawo da wuƙa a ƙugunsa kafin wani ya fara yi masa kallon mugu saboda ita. Ni a ƙarshen wannan zamanin na san shi, da muka haɗu a wani kamfanin buhu a Sharaɗa. Ina kan injin saƙa, shi kuma yana cikin leburorin da ɗan kwangila yake ɗiba kullum da safe a bakin get. Dukanmu a Panshekara muke zaune, layi biyu ne tsakanin gidajenmu, don haka bas ɗaya muke shiga. Ya girme ni da wajen shekara ashirin. Labarinsa a kujerar bas na riƙa jin sa, kaɗan-kaɗan, don ba mutum ne mai yawan magana ba.

A wani ƙauye a bakin kogin Challawa aka haife shi. Mahaifinsa manomin rani ne, tumatir da albasa. Yana ɗan shekara sha tara ya shiga kamfanin fata, aka sa shi a teburin datsa. Aikin shi ne idan fatar akuya ko ta tunkiya ta fito daga jiƙo, a shimfiɗa ta a yanke wutsiya da guntayen ƙafa da duk wani reto da zai maƙale a inji. Da ji kamar aiki ne mai sauƙi, amma wanda bai iya ba sai ya ci fata ya rage mata faɗi, ko ya bar abin da zai yaga ta a gaba. Malam Tijjani ya iya. Tsofaffin abokan aikinsa sun gaya mini cewa idan aka zube fatu ɗari, za ka tsamo nasa ba sai ka tambaya ba, don gefensu kamar an zana.

Wuƙarsa ta aiki wani maƙeri a Kumbotso yake ƙera masa daga sifirin mota. Doguwa ce, ta kusa kamu ɗaya, mariƙinta na itace an naɗe da fata, tana da kube. Ya cinye irinta da yawa da washi a tsawon shekarun. Ta ƙarshe ta yi shekara goma sha ɗaya a hannunsa.

Wata Litinin suka zo aiki suka tarar an ɗaure get da sarƙa, an liƙa takarda wai za a yi gyaran mako biyu. Ba a sake buɗewa ba. Ya zaga sauran kamfanonin Challawa, ya je har Bompai, duk inda ya je sai a dubi furfurarsa a ce ya bar lambar waya. A ƙarshe ya dawo layin leburori a Sharaɗa, yana tsayuwa cikin sa'o'in 'ya'yansa yana jira a nuna shi da yatsa.

A wajenmu ma aikinsa yanka ne. Yana datse zaren da ya yi saura a bakin buhu, yana yanke igiyar dila, idan zare ya harɗe a injina ni nakan kira shi ya zo ya raba. Kamfani guntun reza yake bayarwa. Shi ya ƙi, ya ce reza yatsun mutum take ci, kuma gaskiyarsa ne, don babu lebura a sashen da ba ya ɗaure da tsumma a yatsa. Da tsohuwar wuƙarsa yake zuwa.

Abu biyu ne suka taru suka raba shi da ita. Na farko hannunsa. Babban yatsansa na dama da biyun da ke kusa da shi sun fara sagewa, wani lokaci ya ce kamar ba a jikinsa suke ba. Da safe lafiya lau, amma kafin la'asar nauyin wuƙar ya fi ƙarfinsa. Sau biyu na ga ta suɓuce masa ta faɗi kusa da ƙafarsa, ya yi maza ya ɗauka yana waige ko ɗan kwangila ya gani.

Na biyu kuma gari ne ya canja. A lokacin nan ƙwacen waya ya yi ƙamari, kusan kullum sai ka ji an soki wani. Mutane suka tsorata da duk wani abu mai kube. Wata safiya a cikin bas ya ɗaga riga zai ciro kuɗin mota, wata mata da ke kusa da shi ta hango kuben. Ta cusa wayarta cikin hijabi, ta buga jikin mota ta ce a sauke ta, alhali ba ta kai inda ta ce za ta ba. Malam Tijjani ya sunkuyar da kai har muka iso Sharaɗa. A makon nan kuma maigadin kamfani ya tare shi ya ce an ba da umarni, daga yanzu ba mai shiga da wuƙa mai kube.

Ni na ba shi shawarar ya nemi ƙaramar wuƙa mai ninkewa, irin ta aljihu. Na ce ba ta da nauyi, ba mai ganinta, kuma maigadi ba zai hana ba. Ya daɗe yana juya maganar. Ya ce shi bai taɓa yarda da wuƙar da ke da gaɓa a tsakiya ba, abin da aka yi shi don ya lanƙwashe wata rana sai ya lanƙwashe a kan yatsan mai shi. Na ce akwai masu makulli. Bayan kwana huɗu ya ce in raka shi.

Ranar Asabar muka shiga kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan ƙarfe, muka sami wani mai tebur, Abdullahi, dattijo ne shi ma. Ya shimfiɗa buhu ya jera mana wuƙaƙe sun kai kala goma sha biyu. Ni na ɗauka minti biyar za mu yi. Mun fi awa ɗaya.

Ta farko da Abdullahi ya miƙo ja ce mai sheƙi, a cikinta har da almakashi da mabuɗin kwalba da zarto. Malam Tijjani ya ɗora ta a tafin hannu ya mayar, ya ce nauyin abubuwan da ba zai yi amfani da su ba zai riƙa ɗauka. Ta biyu da an taɓa maɓalli sai ruwanta ya yi tsalle ya fito. Ya ajiye ta da sauri kamar ta ƙone shi, ya ce wannan ba don aiki aka yi ta ba. Wata kuma ta yi masa daɗi a hannu amma ba ta da makulli, ya danna bayanta da yatsa ta rufe, ya dube ni ya ajiye ta. Masu tsini da yawa ya ture su gefe, ya ce shi yanka yake yi, ba suka ba. Masu mariƙin ƙarfe ya ce in hannu ya yi gumi za su zame.

Aka rage saura iri ɗaya, baƙa, mariƙinta na roba mai kaushi, ruwanta bai wuce tsawon yatsa ba, bakinta ya ɗan zagaye. Tana da wani ɗan ƙulli a jikin ruwan da ake turawa da babban yatsa, in ta buɗe ta kulle kanta da 'yar ƙara. Ya rufe ido ya auna ta a tafin dama, ya mayar hagu. Ya buɗe ya rufe ya fi sau ashirin, da dama da hagu, don ya ce akwai ranar da daman za ta ƙi. Ya ƙwanƙwasa ruwan da farce ya kai kunne. Ya aske gashin hannunsa kaɗan. Sannan ya ciro zaren buhu da guntuwar igiyar dila da ya zo da su a aljihu tun daga gida, ya yanka ya duba bakin yankan, ko ya tafi sumul ko ya yi gashi.

Irinta uku ne a teburin. Ya kama ruwan kowace ya girgiza, biyu suna ɗan motsi a gaɓa, ɗaya ba ta yi. Ita ya jefa a aljihun gaba, ya tafi har ƙarshen layi ya dawo, ya tsuguna, ya duƙa kamar mai ruku'u don ya ga ko za ta ja rigar ko ta faɗo. Abdullahi yana ta dariya, ya ce tunda yake sayar da wuƙa bai taɓa ganin wanda ya yi mata irin wannan binciken ba, ko mai neman aure albarka.

"Abin da zai kwana ya tashi a jikina ne," in ji Malam Tijjani. "Kuma rabona da in zaɓi wani abu da kaina har na manta."

Da za mu tafi Abdullahi ya rage murya ya ce ya riƙa sa ta a aljihun ciki, gari ba daɗi. Malam Tijjani ya ce wa zai tsaya laluben tsoho kamarsa.

Ban taɓa ganinsa cikin walwala irin ta ranar ba. A hanya ya sayi lemo. Washegari ya ba ni labari cewa ya fere wa matarsa Hansatu guda ɗaya, ɓawon ya fita a zare ɗaya bai tsinke ba, ta ce ashe har yanzu da sauransa.

Mako bakwai ya yi da ita. Maigadi ya duba ya ce wannan ba laifi. Hannun ya samu sauƙi, yana kaiwa tashi daga aiki wuƙar ba ta faɗi ba. Aikinsa ya ƙara sauri har ɗan kwangila ya fara nuna shi a sahun farko. Sauran leburori suka riƙa zuwa kallonta, amma ba ya ba da aro. Da tsakar rana in mun zauna cin abinci sai ya ciro ɗan dutsen washi ya goga ta sau uku kowane gefe, ya share da gefen riga.

Ranar wata Talata muka sauka daga bas da sassafe muka tarar an tare hanyar shiga Sharaɗa. Ashe jiya da yamma an soki wani ɗalibi a wajen saboda waya, ya rasu kafin a kai shi asibiti. Masu sintiri ne cike da wurin, suna tsayar da duk namijin da ya zo wucewa suna lalube. An riga an zaunar da matasa kusan goma a ƙasa. Aka lalube ni ba a sami komai ba. Da aka zo kan Malam Tijjani, wanda ke binciken bai ma taɓa shi ba, tambayarsa kawai ya yi ko akwai wani abu a jikinsa. Da ya ce babu, da ya wuce. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro ta da kansa, ya ce ta aiki ce.

Mutumin ya tura ɗan ƙullin, ta buɗe ta yi ƙarar nan tata. Ya gwada kaifin a farcensa, ya kira na gaba da shi. Suka nemi katin shaidar aiki. Leburan kullum ba shi da kati. Na ciro nawa na ce tare muke, ga kamfaninmu can ana hango rufinsa, a zo a tambaya. Aka ce in wuce, ko kuma in zauna kusa da shi. Malam Tijjani ya ce, "Je ka, Sanusi, kada ka makara. Ka gaya wa oga."

Na wuce. Na sha gaya wa kaina cewa tafiyar ita ce daidai, don in an haɗa da ni ba mai kai labari. Amma na san ba wannan ne ya ɗaga ƙafata ba a lokacin, tsoro ne.

Oga ya saurare ni ya ce leburori ba ma'aikatan kamfani ba ne, in nemi ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya ce mutum sittin yake ɗiba kullum, bai san sunan kowa ba, kuma ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma. Kafin in samu fita da rana an kwashe su.

Da la'asar hoton ya fito. An jera su zaune a ƙasa, a gabansu an baza adduna da barandami da wuƙaƙe, tasa tana can gefe a buɗe, ƙarama kamar ta wasan yara. Shi kaɗai ne mai furfura, don haka ido a kansa yake fara sauka. Wani ya rubuta a ƙasa cewa an kama 'yan daba tare da ubangidansu mai raba musu makamai. Kafin magariba hoton ya zaga wayoyin Kano. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna ta tsine masa, wasu na cewa a fara da tsohon. 'Yarsa Shifa'u, wadda ke koyarwa a wata Islamiyya a Hotoro, a zauren hirar waya na malaman makarantarsu ta gani, wata abokiyar aikinta ce ta turo ba ta san mahaifinta ba ne.

Kwana tara ya yi a tsare. Ni da Shifa'u da mai unguwa da limamin masallacinmu muka yi ta zarya, yau a ce mai sa hannu ba ya nan, gobe a ce ana bincike. A rana ta tara aka fito da shi ba tare da an kai shi kotu ba. Aka ce an duba ba shi da hannu, ya kiyaye gaba. Wuƙar an ce ta zama shaida. Bai nemi a mayar masa ba. Ya fito ba hula, ƙafafunsa sun kumbura, hannun daman yana riƙe da shi a ƙirji, don kwana taran a kansa ya riƙa kwanciya saboda matsi.

A gida ya tarar da wani labarin. Ranar da aka kama shi, maƙwabta sun tsorata Hansatu cewa za a zo binciken gida. Ta ɗauko tsohuwar wuƙar nan ta maƙerin Kumbotso daga ƙarƙashin katifa, da kubenta da dutsen washinsa babba, ta jefa su a masai. Tana gaya masa tana kuka. Ya ce ta yi daidai, shi ma da haka zai ce ta yi.

Bayan mako ɗaya ya koma bakin get. Ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya yi masa maganar. Ɗan kwangila yakan nuna na damansa, ya nuna na hagunsa, ya tsallake shi. In an gama ɗiba an rufe get sai ya tsaya kaɗan, sannan ya kama hanyar Panshekara da ƙafa. Mako uku yana haka, sai ya daina zuwa. Na sake yi wa oga magana, ya ce shi ya yarda mutumin kirki ne, amma masu kamfani sun ga hoton.

A unguwa waɗanda suka san shi sun san ƙarya ce, sun kuma zo jaje. Amma hoton ya fi jajen nisa, kuma ba wanda ya buga wani ya ce an sake shi. Shekara da shekaru in an yi suna ko layya shi ake kira fiɗa, don ba ya huda fata. Babbar sallar da ta biyo baya gida ɗaya ne ya aiko, su ma ya ba su haƙuri. Yara a layi suka sa masa wani suna da ba zan maimaita ba. Ya bar sahun gaba a masallaci, ya koma zuwa daidai tayar da iƙama, yana fita da an sallame.

Na je gidansa wata Juma'a na ce zan koma wajen Abdullahi in sayo masa wata, ko don yankan farce da fere lemo, tunda ni na jawo.

"Ba kai ka jawo ba," ya ce. "Wuƙar ba ta da laifi, ta yi duk abin da na saye ta dominsa. Amma ka bar shi, Sanusi. Yanzu ko makullin ɗaki na taɓa a aljihu sai gabana ya faɗi."

Sannan ya ce in nuna masa hoton. Ashe duk tsawon lokacin bai taɓa gani ba, wayarsa ba mai hoto ba ce, su Shifa'u kuma sun ɓoye masa. Na yi ta kwana-kwana, ya ce shi kaɗai ne a Kano bai gani ba. Na buɗe na miƙa masa. Ya nisanta wayar da idonsa ya daɗe yana kallo. Ya nuna wani yaro a gefensa ya ce wannan kafinta ne, da kurfi aka kama shi, har ya fito yaron yana ciki. Ya ce in karanta masa abin da mutane suka rubuta, na ce wayar ba ta buɗewa. Ya gane, bai matsa ba. Ya miƙo mini ya ce, "Ashe haka na tsufa."

Da damina ta faɗi ya bar Panshekara, shi da Hansatu suka koma ƙauyensu wajen ƙaninsa, aka ba su ɗaki ɗaya. Gonar mahaifinsu tuni aka raba, rabonsa ya sayar tun shekarar da kamfanin fata ya rufe. Shifa'u ta kai shi asibiti sau biyu, likita ya ce jijiya ce ta matse, an bar ta ta daɗe, ko an yi aiki ba lallai yatsun su dawo ba. Ya ce a bar wa Allah.

Sau ɗaya na je duba shi. Na same shi zaune a inuwar katanga yana fuskantar hanya, ya rame, ya tambaye ni injina da mutanen sashe ɗaya bayan ɗaya. Da aka kawo abinci ya ce in ci shi ya ƙoshi. Sai da Hansatu ta rako ni bakin zaure take gaya mini cewa hannun daman ya daina riƙe loma, da hagu yake ci yanzu, kuma ba ya yarda kowa ya gani. Sai ta ajiye masa kwano a ɗaki ta fito ta ja ƙofa. Ta ce wani lokaci in ta koma ɗauka takan tarar bai taɓa ba.

Na ce zan dawo bayan sati biyu. Wata biyar ke nan ban koma ba.